Injin Niƙa a Tsakiyar Unguwa

Tambaya: Malam, maƙwabcina a Tudun Wada, Zariya, ya kafa injin niƙa jikin katangata, ƙararsa tana hana yara barci. Shin ƙaramar hukuma ce ke ware wuraren sana'a da na zama?

Amsa: Malama, a ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978, filayen birane suna hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuwa filayen karkara take bayarwa. A Jihar Kaduna, hukumar tsara birane ta jiha, wato KASUPDA, ita ce ke tsara inda za a yi gidaje, kasuwanni da masana'antu, kuma sauya amfanin fili yana buƙatar izininta. A ganina, ki fara sanar da mai unguwa, domin maƙwabtaka ba abin wasa ba ce. Idan abin ya faskara, sai ki kai ƙorafi ofishin KASUPDA a rubuce.