Yadda shirinka zai nemo destof da sunansa a Windows

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A kwamfutata mai Windows 11 na raba aikina destof uku, na raɗa musu suna Aiki, Karatu da Hira. Ina so in rubuta ɗan shiri da zai kai ni destof ɗin Aiki da safe, ya buɗe mini manhajojina a can. Na duba takardun Microsoft ban ga inda ake kiran destof da sunansa ba. Ni ne ban iya dubawa ba, ko hanyar ce babu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dubawarka ba ta da laifi, Microsoft ce ba ta buɗe wannan ƙofar ba. Tun 2015 Windows 10 ta zo da destof-destof ɗin nan, damar raɗa musu suna kuwa sai a 2020, cikin sigar 2004. Amma abin da kamfanin ya ba masu rubuta manhaja a hukumance, wato IVirtualDesktopManager, aiki uku kacal yake yi: ya gaya maka ko taga kaza tana kan destof ɗin da kake kai, ya ba ka lambar destof ɗin da take, sai kuma ya matsar da taga zuwa wani destof. Na ukun ma da sharaɗi, sai tagar da shirinka ya mallaka. Ka ce zai ɗauke tagar Chrome ko ta Word, ya hana ka. Babu jera destof a cikinsa, babu sauyawa, babu zancen suna ko kaɗan.

Abin da zai warware maka ruɗanin shi ne ka san cewa Windows ba da suna take gane destof ba. Kowanne yana da doguwar lambar shaida tasa shi kaɗai, ana ce mata GUID, mai bayit 16, sunan kuwa laƙabi ne da aka manna a kanta don idon mutum. Saboda haka aikinka mataki biyu ne: ka juya suna ya zama lamba, sannan ka nemi hanyar zuwa ga mai lambar.

Matakin farko yana da sauƙi, don komai yana cikin rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta. Buɗe regedit, manhajar duba rajistar, ka bi HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Explorer\VirtualDesktops. Za ka ga VirtualDesktopIDs, dogon jerin bayit ne. Da yake destof ɗinka uku ne, bayit 48 za ka tarar, ka yanka su 16-16 bisa yadda suke jere a allo daga hagu zuwa dama. A ƙarƙashin Desktops kuma kowace lamba tana da nata wuri, a ciki akwai Name, nan ne za ka ga an rubuta Aiki. Wajen haɗa lambar kada ka jera bayit ɗin da hannu, don sassa uku na farkon GUID a juye ake ajiye su. Miƙa su ga [guid]::new() na PowerShell, harshen ba Windows umarni a rubuce, shi zai daidaita maka.

Akwai tarko biyu a nan. Destof ɗin da ba a taɓa raɗa wa suna ba ba shi da Name sam; abin da kake gani a allo, irin su Desktop 2, Explorer, wato manhajar da ke kula da fuskar Windows, ne ke ƙirƙirarsa daga matsayin destof ɗin a jeri. Na biyu, ba abin da ya hana destof biyu su ci suna ɗaya. Ka shirya wa duka biyun tun farko, in ba haka ba wata rana shirin zai kai ka inda ba ka aike shi ba. Ni dai karanta rajistar nake yi, ba na rubutu a cikinta, don ma'ajiyar Explorer ce.

Sauyawar ce mai wuya. Hanyar da ba ta cika lalacewa ba ita ce kwaikwayon danna maɓallai: ka san matsayin da kake da wanda za ka je, sai shirin ya danna Win+Ctrl da kibiyar dama ko hagu sau adadin tazarar. Ba ta da kyan gani, amma tana aiki. Ɗayar kuma ita ce ɓoyayyar ƙofar da Explorer da kansa ke bi, IVirtualDesktopManagerInternal, wadda ke jera destof, ta sauya, ta raɗa suna. Matsalarta, Microsoft ba ta yi alkawarin riƙe ta yadda take ba, kuma lambobin da ake kiranta da su sun sha canzawa daga wata sigar Windows zuwa wata. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya rubuta wannan sashe da kansa. Akwai waɗanda suka ɗauki wahalar bin sauye-sauyen: VirtualDesktop na PowerShell, wanda ke da umarnin Switch-Desktop mai karɓar suna kai tsaye, da pyvda na Python, da VirtualDesktopAccessor da masu AutoHotkey, manhajar sarrafa maɓallai da tagogi a Windows, suka fi amfani da shi. Ɗauki ɗaya, ka killace kiransa a wuri guda cikin shirinka, ranar da sabuntawa ta karya shi wurin nan kaɗai za ka gyara.

Batun buɗe manhajojin kuwa, kada ka wahalar da kanka da matsar da tagogi. Sabuwar taga a destof ɗin da kake kai take fitowa, don haka ka fara sauyawa, ka ɗan jira daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ka buɗe su. Sai dai manhajar da ba ta yarda a buɗe ta sau biyu, in tana buɗe a Hira, tana iya janye ka can.

In wata rana ka koma Linux za ka yi mamakin sauƙin abin. A X11, tsohon tsarin nuna tagogi na Linux, sunayen suna cikin _NET_DESKTOP_NAMES, wmctrl -d ya jera maka su, wmctrl -s ya sauya, ko da yake a Wayland, sabon tsarin, wmctrl ba ya wannan aiki. A i3 kuwa, wata manhajar tsara tagogi ta Linux, layi ɗaya ne, i3-msg workspace Aiki, in babu mai wannan suna ma nan take zai ƙirƙiro shi.