Digirin digirgir a ƙididdiga: ta 9 ko ta 22?

Tambaya: Malam, na gama digiri na biyu a ƙididdiga, jami'o'i biyu a Amurka sun ba ni gurbin digirin digirgir. Ɗaya ta 9 ce a jadawalin martaba, amma tallafin shekara ɗaya kawai ta tabbatar min. Ɗayar ta 22 ce, da tallafin shekara biyar. Barci ya ƙaurace min, ina tsoron in ɗauki ta ƙasa in yi da-na-sani.

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Amma ka ba ni mamaki. Kai da ka karanta ƙididdiga, aka miƙo maka lamba tsirara, babu tazarar kuskure a gefenta, wato iyakar da ainihin lambar za ta iya yin sama ko ƙasa, ka hau kai ka zauna?

Wannan ruɗin kullum sai na ci karo da shi, har ya ishe ni. Jadawalin da kafar labarai ta Amurka, U.S. News, ke fitarwa na sassan ƙididdiga jin ra'ayi ne kawai: a aika wa malaman fannin takarda, kowa ya ba sashe maki daga 1 zuwa 5, a fitar da matsakaici. Suna ake aunawa. Shi ya sa Stanford, Berkeley da Harvard ba sa barin sama, kuma ba na musun ingancinsu. Amma da ka gangaro tsakiya, ɗigon maki ne ke raba sassa da yawa, har wasu su yi kunnen doki. Mutum biyu su sauya ra'ayi, jeri ya hargitse.

Ba yau aka san haka ba. Tun 1996 masana ƙididdiga Harvey Goldstein da David Spiegelhalter suka nuna cewa idan aka ɗora tazarar kuskure a kan irin wannan jeri, yawancin matsayan sai su shige cikin juna. Da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da nata a 2010, ƙin ba kowane sashe lamba guda ta yi, sai dai ta ce yana tsakanin kaza da kaza. Duk da haka dillalan neman gurbi, waɗanda ba su taɓa buɗe kundin digiri ba, sai su buga jadawali su nuna wa ɗalibi da yatsa, su karɓi kuɗinsa. Abin takaici, har wasu hukumomin tallafi da shi suke tace mutane, don ya fi sauƙi a kan karanta takardu.

Mutum ɗaya, wato malamin da zai duba aikinka, za ka zauna ƙarƙashinsa kusan shekara biyar, jadawali kuwa bai san shi ba. Sashe na iya yin fice a nazarin yiwuwa alhali mai aikin da kake so mutum ɗaya ne, ɗalibai sun yi masa yawa ko yana shirin ritaya. In ƙididdigar lafiya ce burinka, sau da yawa sashenta daban ne, kamar a Johns Hopkins.

Tallafin shekara ɗaya kuwa ya fi damuna. Shekaru biyun farko na darussa ne da jarrabawar cancanta. Da wanne za ka ji, karatu ko kuɗin haya? Rubuta wa ta 9 su faɗa maka a rubuce me zai biyo bayan shekarar farko. Sannan a kowace jami'ar ka nemi malamai biyu da za su iya duba aikinka, ka tambayi ɗalibansu na yanzu sau nawa suke ganinsu, da inda waɗanda suka gama suke aiki. In ta 9 ta kasa ba ka amsar kuɗi a rubuce, ɗauki ta 22.