Fistan ya cije a injin Fijo 504: yaya za a fitar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in tayar da Fijo 504 ta mahaifinmu, wadda ta shekara shida a ajiye. Mun sauke inji, mun cire tof (murfin saman inji), fistan uku suna motsi, ɗaya ya ƙi ko gezau. Yaron gareji ya ce a sa dogon bututu a kan sifana a murɗa kiranshaf da ƙarfi. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam. Don Allah, ɗan'uwa, kada ka yarda. Ƙarfin da za a sa a kiranshaf (sandar da fistan suke juyawa) kan kwanrod zai sauka, wato ƙarfen da ya haɗa fistan da kiranshaf, shi kuwa lanƙwashewa yake yi ba tare da ido ya gani ba. Sai an gama haɗa inji kaf sannan matsalar ta fito.

Motar da ta daɗe a ajiye, yawanci tsatsa ce. Laima ko ruwa ya shiga ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe, ko gasket ya bari ruwan lagireto ya zubo, sai ringin fistan ya manne da jikin silinda. Leƙa ciki. Idan ja-ja ka gani, tsatsa ce, kuma tana da magani. Idan kuwa zane-zane ne dogaye da farin alminiyam a shafe a bango, zafi ne ya narkar da fistan tun motar tana aiki, wannan ba jiƙo da zai cece shi.

A kan tsatsa, fara goge wadda ke saman fistan da samfefa mai laushi, ka share garin tsaf. Sannan ka zuba man giya na otomatik gauraye da kananzir ko man dizal, ya rufe kansa. Ka bar shi kwana uku, har mako ma idan ta kama, kana ƙarawa. Ranar da ka ga man ya fara ɗiga ta ƙasa, to ya ratsa ringin. A nan ne yawancinmu muke gazawa, gaggawar mai mota takan fi tsatsar ɓarna.

Sai ka kwance kwanrod ɗin daga kiranshaf, ka sami katako mai kauri wanda ya kusa cika bakin silinda, ka ɗora, ka riƙa bugawa da guduma a hankali. Ƙarfe kada ya taɓa kan fistan. Kuma kada a sa masa wuta: alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen silinda, ƙara cijewa zai yi.

Ka yi sa'ar mota. Injin 504, irin wanda aka yi ta haɗawa a Kaduna tun 1975, silib ɗinsa, wato bututun ƙarfen da fistan yake hawa da sauka a ciki, cirewa ake yi. Za ka iya zaro silib da fistan da kwanrod gaba ɗaya ta sama, ka tsoma su cikin bokitin mai, ko ka kai wurin masu firas (injin dannawa) su tura shi a tsanake, bulok bai ji komai ba. Ka dai ɗaure sauran silib ukun da washa da noti kafin a juya kiranshaf, kada su ɗago.

Idan ya fito, ringin nan ya gama aiki. Shafa cikin silib da farce; in tsatsa ta ci rami, sayi sabon saiti, har da sababbin sil na gindin silib masu tare ruwa, domin tsofaffin za su sakar maka ruwa cikin baƙin mai.