Kafin ka dangwala yatsa a takardar shiga soja

Wasiƙu uku ne a gabana wannan makon, kuma duka a kan kaki suke. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, shugaban rundunar soja Janar Burhan kuma ya yi kiran istinfari, wato jama'a su fito su ɗauki makami, a ƙarshen watan Yunin shekarar, irin wannan tambaya ba ta yanke mini ba.

Ta farko daga wani matashi ce a Gadarif: "Baba, shekaruna 22. Na gama sakandare, ina taya mahaifina noman riɗi. Abokaina biyu sun shiga soja, ni ma na ƙudura. Mako mai zuwa zan je in ga jami'in da ke ɗaukar mutane. Me zan riƙe, me zan saya, me kuma zan ce masa?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya kafin ka ɗaga ƙafa. Shiga ko fasawa magana ce tsakaninka da iyayenka da Ubangijinka, ba zan yanke maka ita ba. Roƙona guda ɗaya ne: wannan zuwa na farko, ka je ne don ka ji. Kada ka sa hannu a ranar, kada ka dangwala, ko da an ce maka motar mu'askar, wato sansanin horo, da yamma za ta tashi. Ka kwana da maganar tukuna.

Abu na farko da za ka tambaya shi ne a ƙarƙashin wa za a rubuta sunanka. Yau a ƙasar nan ƙofofin kaki sun yi yawa. Akwai sojan nizami, wato rundunar gwamnati ta dindindin. Akwai Kulliyya Harbiyya ta Wadi Sayyidna, arewa da Omdurman, mai yaye hafsoshi, kuma tunda ka gama sakandare ya kamata ka tambayi sharuɗɗanta kafin ka yarda ka shiga a matsayin jundi, wato ƙaramin soja. Akwai mustanfirin, 'yan sa kai da suka amsa kiran 2023. Akwai ƙungiyoyi masu makamai da suka sa hannu a yarjejeniyar Juba a Oktoban 2020, ga kuma bataliyoyi dabam-dabam da ke ɗaukar mutanensu da kansu. Daga nesa kakinsu kusan iri ɗaya ne, amma ranar da albashi ya makale, ko aka ji rauni, ko ta Allah ta kasance, a nan ake gane bambancin. Don haka ka tambaye shi kai tsaye, cikin ladabi: za a ba ni nimra askariyya, wato lambar soja? Yaushe, kafin horo ko bayansa? Wannan lambar da ita rundunar ta san ka, da ita kuma iyalinka za su nemi haƙƙinka.

Na dage a kan wannan ne saboda abin da na gani da idona. Wata maƙwabciyarmu ta yi wata huɗu tana zaga ofisoshi da hoton ɗanta a waya da wata kwafin takarda da ta ninke har ta fara yagewa a tsakiya. Yaron ya bi abokai ya shiga, ya ba da sunan da ake kiransa da shi a unguwa, alhali a takardarsa wani suna ne dabam. Duk inda ta je sai a duba littafi a ce babu shi. Daga baya an same shi a raye, alhamdu lillahi, amma matar nan ta rame har sai da na kasa gane ta a bakin famfo. Mu Hausawa muna da wannan: a gida Ɗanjuma ko Tanko, a takarda kuwa suna huɗu jere, naka da na uba da na kaka da na kakan uba. Ka tsaya a kan mai rubutun, ka ga ya rubuta sunan nan huɗu harafi da harafi yadda yake a raƙam waɗaninka, wato takardar lambarka ta ɗan ƙasa.

Takardun da za ka riƙe: raƙam waɗani, shahadar haihuwa (takardar haihuwa), shahada Sudaniyya (takardar gama sakandare), ƙananan hotuna, da fish (takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi) idan sun nema. Ka yi kwafi uku-uku, ka bar ɗaya wajen mahaifiyarka, asalin kuwa ka nuna ka karɓi abinka. Ka kuma shirya zuciyarka, don kakanninmu sun kafa Mai Wurno a bakin kogin Bahar Azraƙ tun bayan yaƙin Burmi na 1903, amma har yau akan samu mai tambayar asalinmu, kuma ba mu manta rikicin ƙabilancin da ya same mu a jihar Nil Azraƙ a 2022 ba. In ka gamu da irin wannan, kada ka yi cacar baki da mai tebur. Miƙa takardarka, ka bar ta ta amsa masa. Shi ya sa nake son ka tafi da babba, baffanka ko wani tsohon soja na unguwa. Yana jin abin da kai zumuɗi zai hana ka ji, kuma ba a cika yi wa yaro gaggawa a gaban mai furfura ba.

Sauran tambayoyin ka rubuta su a ƙaramin littafi tun daga gida. Horon na wata nawa ne, kuma a wane mu'askar? Nawa ne albashi, daga wane wata zai fara, a hannu ake biya ko ta manhajar banki ta Bankak? Shekara nawa ake ɗaure mutum, kuma ta wace hanya ake fita? Wanda ya ji rauni, wa ke ɗaukar maganinsa? Wanda ya rasu, me ake ba iyalinsa, sunan wa kuma za a rubuta a matsayin magajinsa? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi a baki, na sani, amma ka yi ta. Ka rubuta amsoshin a gabansa, da muƙaminsa da sunan rundunarsa. Jami'in ƙwarai ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fusata, ko ya ce maka namiji ba ya tambayar kuɗi, ka gode masa ka tashi.

Wajen binciken likita kada ka ɓoye komai. Sikila, asma, farfaɗiya, ƙaba, raunin gani, ko in ka taɓa yin kala-azar, wadda ku mutanen Gadarif kun fi kowa saninta, duk ka faɗa. Ciwon da ka ɓoye a ɗaki mai fanka zai tona kansa a filin gudu da tsakar rana, inda babu uwa babu likita kusa.

Sayayya kuwa, riƙe kuɗinka. Kada ka sayi kaki ko takalmin soja a kasuwa. Ba ka san irin wanda za a ba ka ba, kuma farar hula sanye da kayan soja a irtikaz, wato shingen bincike, yana sayo wa kansa bala'i ne. A yanzu kuɗin kwafi da hoto da jakar leda ta takardu sun isa. In an ɗauke ka, sai ka nemi safa masu kauri, gidan sauro, da ƙaramar waya mai maɓalli da ke riƙe caji, bayan ka tambaya ko ana barin waya a mu'askar. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa sunanka a jeri, ɓarawo ne.

Ban ga ka ambaci abin da mahaifinka ya ce ba, kuma hakan ya tsaya mini a rai. Wani ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman izinin fita yaƙi, sai ya tambaye shi ko iyayensa na raye. Da ya ce e, sai ya mayar da shi ga hidimarsu. Ka zauna da su. Wa zai yanke riɗin in Oktoba ta zo? Bashin da ke kanka ka biya ko ka rubuta shi, don ya tabbata cewa bashi ba ya cikin abin da ake yafe wa shahidi.

Ta biyu daga wata uwa ce a Mai Wurno. Ɗanta shekara 17, kullum yana bakin mu'askar, wani kuma ya ce zai ƙara masa shekara a takarda.

'Yar'uwata, kada ki yarda, kada kuma ki yi shiru don kunya. Dokar rundunar soja ta 2007 da dokar yara ta 2010 duka sun hana ɗaukar wanda bai kai 18 ba, doka tana bayanki. Ɓoye shahadar haihuwarsa inda ke kaɗai kika sani. Ki nemi umda, wato mai gari, ko limamin unguwa su raka mahaifinsa wajen shugaban mu'askar da kwafinta, su gaya masa a fili cewa yaron ƙarami ne. Shi kuma yaron kada a haɗa shi da zagi. Ya ga faɗuwar Sinja, babban birnin jiharku, a Yunin 2024, ya ga mutane na gudu da kaya a ka, makaranta kuma ta daɗe a rufe; zuciyarsa ce ke tafasa. An dawo da jarrabawar shahada Sudaniyya tun ƙarshen Disambar 2024. A nema masa malami da sana'ar da za ta cika masa wuni, kawunsa da yake jin maganarsa ya riƙa jan sa a jiki.

Ta uku daga Jidda: matashi ne haifaffen can, mai iƙama, wato takardar izinin zama, wani dillali ya yi masa tayin aikin gadi a wata ƙasa, har da horon bindiga, in ya biya kuɗin gaba.

Ɗana, in kaki kake sha'awa, sojan Saudiyya 'yan ƙasa yake ɗauka, ta hanyar ma'aikatar tsaro, babu ruwansa da dillalai. Aikin gadi kuwa mai horon soja, mun taɓa gani: a ƙarshen 2019 an kwashi samarin Sudan zuwa Daular Larabawa da sunan gadi, a farkon 2020 wasunsu suka tsinci kansu a Libiya, har iyayensu suka yi zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin a Khartum. Ka nemi kwantiragi a rubuce mai sunan ƙasa da garin da za ka yi aiki, ka kai wa wanda ya iya karatun doka ya duba. Kafin nan kada riyal ɗaya ya fita daga aljihunka, fasfonka kuma ya zauna a gida.