Ɗana Yana Sulu a Kan Dusar Ƙanƙara a Italiya, In Hana Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da atamfa ce a Kejetia, ina zaune a Aboabo. Ɗan farina yana aiki a wani kamfanin ƙarfe a Brescia ta ƙasar Italiya, shekara 6 ke nan. Makon jiya ya turo mini bidiyo ta WhatsApp: ga shi a kan wani dutse fari fat, ƙafafunsa biyu ɗaure a jikin siririn allo, yana gangarowa yana kwanciya dama da hagu har hannunsa na shafar ƙasa. Tun da na gani barci ya ƙaurace wa idona. Ya ce sanyin bara ya fara, kuma wani Bature abokin aikinsa ne ya sayar masa da kayan na hannu, allo da takalma har da hular kwano. An ce mini ka yi zama a can. Don Allah in sa baki ya bari, ko yaya zan yi?
Daga wata uwa, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kwantar miki da hankali, ya tsare mana shi. Sau biyu na karanta wasiƙarki, domin irin wannan faɗuwar gaban na jawo wa tsohuwata, Allah ya jiƙanta, ranar da hotona na farko a kan dusar ya iso gidanmu a Asawase. Gaskiya aka faɗa miki, na yi sanyi 9 ina aiki a wani shagon hayar kayan wannan wasa a kwarin Fiemme da ke yankin Trentino. Aikina wasa bakin alluna, shafa musu kaki, da daidaita maɗaurin ƙafa. A can ni ma na koyi hawa.

Shawarata kada ki hana shi. Na san in kika ce ya bari zai bari, don bakin uwa ba abin wasa ba ne. Amma Hajiya, sanyin Turai yana cin yaranmu ta wata hanyar da ba a gani a bidiyo. A watan Disamba kafin ƙarfe biyar na yamma gari ya yi duhu. Daga kamfani sai ɗaki, daga ɗaki sai kamfani, ba majalisa, ba mai koko a bakin layi, ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Na ga samari da kaɗaici ya lalata. Yaron da ya sami abin da zai fitar da shi cikin rana da mutane ranar Lahadi, ni alheri nake gani a ciki. Abin da nake so ki yi da bakinki na uwa shi ne ki kafa masa sharuɗɗa.

Bari ki fara sanin abin da kika gani. Allon sulu, wanda suke kira sunobod, akwai mai faɗi da ake hawa da takalmi mai laushi, shi matasa suka fi so saboda tsalle-tsalle. Akwai kuma siriri mai tauri, faɗin tsakiyarsa wajen santimita 20, ana hawansa da takalmin roba mai ƙarfi, ƙafafu biyu suna karkace zuwa gaba. Wannan na biyun ne na ɗanki. Gefen allon bakin ƙarfe ne mai kaifi, kuma ba miƙaƙƙe ba ne, ya ɗan shige ciki a tsakiya kamar ƙugu. Idan mutum ya karkata allon ya kafa bakin nan a dusar, nauyinsa ya lanƙwasa shi, sai allon ya yanki kwana da kansa, ya bar layi guda siriri a baya kamar an ja da wuƙa. Kwanciyar da kika ga yana yi irin ta mai babur ce in ya shigo shataletale da gudu, dole ya karkata, in ba haka ba kwanar ta watsar da shi waje. Sanannen wasa ne, yana cikin gasar Olamfik tun ta Nagano a 1998, kuma mace ce ma, Ester Ledecká 'yar ƙasar Cek, ta ci zinare a kansa a 2018 da 2022. Saboda haka kwanciyar ba ita ta tayar mini da hankali a wasiƙarki ba. Hular nan ta hannu ce ta tayar mini da shi.

Hular kwano ta wannan wasa, cikinta wani farin soso ne mai tauri, irin wanda ake tokare sabon firiji da shi a kwali. Aikinsa ya murƙushe ya shanye bugu a madadin ƙoƙon kai, kuma sau ɗaya yake yin wannan aikin da kyau. In ya murƙushe ba ya komawa yadda yake, alhali daga waje hular tana nan tana sheƙi. Ni ganau ne. A sanyina na huɗu, wata rana bayan azahar dusar ta yi laushi, hancin allona ya nutse, na wuntsila na buga ƙeya. Na tashi na kakkaɓe jikina, na duba hular, ɗan ƙarzanen da bai kai tsawon ɗan yatsa ba kawai na gani. Da daddare kaina ya ɗauki ciwo, na fara amai, abokin ɗakina ya tilasta mini zuwa asibiti, likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza. Da na koma shago na zare mayafin cikin hular, sai ga soson ya tsage tun daga ƙeya har wajen kunne. Da na sayar wa wani da ita haka, da ya saya da murna. To wa ya san tarihin wadda ɗanki yake sakawa? Araha ba ta ado, balle a kan kai. Ya sayi sabuwa, ya duba cikinta ya ga alamar EN 1077, wato ma'aunin Turai na hular wannan wasa. Ya gwada ta a shago: ta zauna daidai, yatsa biyu sama da gira, in ya kaɗa kai kafin ya ɗaura igiya kada ta yi rawa. Igiyar haɓa kuwa a ɗaure ta kullum. Kada ya ce zai ari hular babur, ta yi nauyi, tana toshe ji, ba don wannan aka yi ta ba. Dokar Italiya ma tana bayanki: tun 1 ga Janairun 2022 dole mai hawa gangaren ya mallaki inshorar da za ta biya wanda ya yi wa rauni, kuma daga Nuwamban 2025 hular ta zama dole a kan kowa, babba da yaro.

Sai dai kada ya ɗauki hular a matsayin laya. Gwajin da ake mata na bugu ne a gudun wajen kilomita 20 a awa, mai yankan dusa irin ɗanki kuwa cikin sauƙi yake ninka wannan. Michael Schumacher, Bajamushen nan zakaran tseren motoci na duniya sau 7, yana sanye da hula ranar 29 ga Disamban 2013 a Méribel ta Faransa, ya fita daga gyararriyar hanya ya buga kai a dutse. Likitocinsa sun ce ba don hular ba da bai kai asibiti da rai ba, amma duk da haka bai koma rayuwarsa ta da ba. Ɗaya labarin kuma shi nake so ki riƙe sosai. A Maris ɗin 2009 Natasha Richardson, 'yar wasan kwaikwayo daga Ingila, ta faɗi a gangaren 'yan koyo a Mont Tremblant ta Kanada, ba hula. Ta tashi tana magana lafiya lau, ta ce ba ta buƙatar likita. Ashe jini na taruwa a cikin kanta, bayan kwana biyu ta rasu. Ki gaya masa duk ranar da ya buga kai, wasan ranar ya ƙare. In ya ji ciwon kai mai ƙaruwa, ko amai, ko jiri, ko barci mai nauyi, ko ya kasa tuna yadda ya faɗi, asibiti kai tsaye, kuma kada ya kwana shi kaɗai. Lambar gaggawa 112 ce.

Sai maɗaurin ƙafa, wanda shi ne sana'ata. Masu sulu da sanduna biyu a hannu, kowace ƙafa da nata allon, nasu maɗaurin yana sakin ƙafa in an faɗi. Na allo ba ya saki, haka aka ƙera shi, ƙafafu biyu su zauna tare. Mummunan abu shi ne ƙafa ɗaya ta fita ɗaya ta rage, allon ya zama kamar muciya yana murɗa gwiwa. Kuma kayan hannu an daidaita su ne a kan ƙafar mai su na farko. Ya kai su shago a sake aunawa da takalminsa. Ƙarfen da ke kama takalmin ya kasance sai an danna da ƙarfin hannu yake rufuwa, in ya rufu kuma takalmin ba ya motsi ko kaɗan. Kafin ya rufe ya kankare dusar da ta manne a tafin takalmin, don ita ce take yaudarar mutum ya ji kamar ya kamu, can a tsakiyar kwana ta marmashe ƙarfen ya buɗe. Notunan da suka riƙe maɗaurin a jikin allon sanyi da girgiza suna kwance su, saboda haka sukundireba a aljihu, kowace safiya a bi su ɗaya bayan ɗaya. Na sha karɓar allo a shago in sa yatsa in juya noti ba tare da wani ƙarfe ba, mai shi kuwa ya wuni yana gudu a kai.

Karkatar ƙafa ma da lissafi. A irin allonsa yawanci ana farawa da wajen digiri 55 a ƙafar gaba, 50 a ta baya. Ƙa'idar ita ce yatsu da diddige kada su leƙo waje da bakin allon. In suka leƙo, yana kwanciya sosai takalmin zai taɓa dusar ya ɗaga bakin ƙarfen, sai ya ji ƙasa ta zame masa. In zai canza wani abu ya canza guda ɗaya, kaɗan, ya gwada, sannan na gaba. Duk wanda ya taɓa zama wajen makanikan Suame ya san ba a kwance abu biyar lokaci guda a ce ana neman inda ciwon yake.

Ita kanta dusar ba fuska ɗaya gare ta ba. Da dare manyan motoci masu ƙafar katafila suna bi suna daddanna ta, da safe ka tarar da gangaren da ƙananan layuka a jere kamar kan da aka taje. Wannan lokacin, daga buɗewa zuwa wajen sha ɗaya, shi ne na mai yanka: bakin allon yana kamawa, mutane ba su cika ba. Ba na mantawa da ƙarar da allon yake yi a irin wannan safiya, kamar ana yaga sabon yadi. Bayan azahar kuwa ƙafafu sun tattake ta, ta tara tudu-tudu, inda inuwa take ta daskare ta zama ƙanƙara mai santsi, inda rana take ta zama kamar kunu, ga gajiya ta kama cinya. A irin wannan lokacin na faɗi. Ranar da hazo ya sauka, sama da ƙasa suka zama launi ɗaya har ba ka bambance rami da tudu, ya zauna ya sha shayi. Hanyoyin suna da alama: shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi na gwanaye. Mai sanyi biyu kacal, shuɗi mai faɗi ya ishe shi, ja sai jefi-jefi.

Abu na ƙarshe a kansa mutane ne. Mai yanka yana ratsa gangaren daga wannan gefe zuwa wancan, sauran kuwa suna gangarowa kusan a miƙe, ba su zaci zai dawo gabansu ba. Ƙa'idar wasan ta ce na baya shi ke da alhakin kauce wa na gaba, amma ƙashi in ya karye ba ya tambayar wa ke da gaskiya. Ya waiga sama kafin ya tashi, ya bari ayari ya wuce, ya riƙa waigawa musamman in zai juya ta ɓangaren da ya ba wa baya. In zai huta ya matsa gefe, kada ya zauna a bayan tudu inda na sama ba ya hango shi. Ya kuma biya malami ko na darasi uku ne, abokin aiki ba malami ba ne.

In kun yi waya ranar Juma'a, ki ce ya ɗauko hular ya nuna miki cikinta a bidiyo. In tsohuwar ce, ki ce ba ki yarda ya hau dutse ba sai ya turo miki hoton sabuwa da rasit ɗinta. Allah ya yi masa albarka, ya dawo miki da shi lafiya.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Sawaba. Wai akwai ɗan Ghana da ya taɓa zuwa gasar wasannin ƙanƙara? Kuma mutum zai iya fara koyo daga nan?

AMSA: Akwai, ƙanena. Kwame Nkrumah-Acheampong ne na farko, a gasar Olamfik ta Vancouver a Kanada a 2010, da sanduna biyu. Ya girma a nan Ghana, kuma ya koya ne yana babba a wani rufaffen filin dusa a Milton Keynes ta Ingila inda yake aiki. Akwasi Frimpong kuwa haifaffen Kumasin nan ne, an kai shi Holan yana ɗan shekara 8, ya wakilce mu a Koriya ta Kudu a 2018 a wasan da ake kwanciya rub da ciki a kan ƙaramin keken ƙanƙara, kai a gaba. Dusa dai ba mu da ita, amma allon taya da yara ke hawa a kan siminti yana koyar da tushen abin, wato danna yatsu da danna diddige don juyawa. Ka nemi fili mai laushin gangara inda mota ba ta bi, ka sa hula da abin kare wuyan hannu, don shi ne ya fi karyewa ga ɗan koyo saboda dafa ƙasa.