Kada ka zuba jarinka duka a kan na'urori

Ka tambaye ni, yarona, ko ka zuba duk jarin da ka tara a kan na'urori, domin gidan motsa jikin da kake shirin buɗewa ya fi na kowa kaya tun ranar farko. Amsata ita ce a'a. Ka fara da kaɗan masu ƙwari, ka ajiye sauran kuɗin. Amma ba na so ka karɓi maganar don ni na faɗa kawai, tsaya ka ji dalili.

A wannan sana'a, abin da ke ciyar da mu shi ne mutumin da ya zo jiya ya sake dawowa gobe. Kaya masu sheƙi suna jawo mutum ya leƙo, har ya yi rajista, amma ba sa riƙe shi. Haya kuwa, da kuɗin wuta, da albashin ma'aikata, babu ruwansu da ko ɗakin ya cika ko babu kowa. Wata na ƙarewa suna bakin ƙofa. Don haka ka haɗa su wuri ɗaya, ka raba da kuɗin watan mamba guda. Abin da ya fito shi ne yawan mutanen da dole su riƙa biya kafin ka fara ganin riba. Sai lissafi na biyu, wanda sabbin shiga ba su cika yi ba: mutum nawa ke fita? A ce kana da mambobi 200, kowane wata 10 na sulalewa. Kafin shekara ta zagayo ka rasa 120, fiye da rabi. Kana ta talla, sabbi na shigowa, amma ɗibar ruwa da kwando kake yi.

Ka lura da sabon mutum ranar da ya fara zuwa. Zai tsaya a bakin ƙofa yana duba wayarsa, alhali kunya ce ta hana shi shiga tsakanin masu ɗaga ƙarfe. Daga nan sai ya hau na'urar gudu, don ita kaɗai ya san yadda ake yi da ita, ya danna nan, ya danna can, ya ɗan taka, ya fice. Bayan kwana ɗaya ko biyu cinyoyinsa su yi tsami, hawa bene ma ya zama aiki. In ba a faɗa masa cewa haka jiki ke yi wa wanda bai saba ba, kuma yakan wuce cikin 'yan kwanaki, zai ɗauka rauni ya ji. Ba za ka sake ganinsa ba.

Wannan mutumin shi ne kasuwarka. Ka tare shi da sunansa. Kafin ya taɓa komai ka tambaye shi: akwai hawan jini? Ciwon zuciya fa, ko ciwon ƙirji in ya yi aikin ƙarfi? Yana yin jiri? Akwai gaɓar da ke damunsa, ko maganin da yake sha kullum? Wanda amsarsa ta sa ka shakka, ya fara ganin likita tukuna, ko da kuɗinsa zai wuce ka. Sannan ka rubuta masa tsari mai sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Minti 30 sau biyar ke nan a mafi ƙaranci, kuma mutum in ya ji haka sai hankalinsa ya kwanta. Ka riƙa rubuta masu zuwa kullum. Wanda ya yi mako biyu ba a gan shi ba, ka kira shi ka ji lafiya. Na san akwai manyan kamfanonin da ke cin riba daga masu biya ba sa zuwa. Ni ban yarda da wannan hanya ba, kuma ƙaramin wuri irin naka ba zai rayu a kanta ba.

To, kayan. Ƙarafan ɗagawa da benci da matattarar ƙarfe kusan ba sa lalacewa, kuma suna ɗaukar mutane da yawa. Na'urar gudu ita ce mai cin kuɗi wajen saye da wajen gyara, saboda tana da inji da bel da allon lantarki. Kafin ka sayi kowace iri, ka tabbatar akwai mai gyaranta da kayan gyaranta kusa da kai. Ka sayi kaɗan, ka zura ido da safe kafin a tafi aiki da yamma bayan an tashi. Inda ka ga layi, nan za ka ƙara. Ka riƙa share ƙurar da ke taruwa wajen injin, ka sa man silikon ƙarƙashin bel yadda kamfanin ya tsara. Wayoyin da ke jan nauyi kuwa, ka bi su da tsumma daga sama har ƙasa. In robar ta tsage ko zaren ƙarfe ya kama tsumman, ka dakatar da na'urar a take, don in wayar ta tsinke da nauyi a kai, mutum ne a ƙasa. Gumi ma yana da gishiri, yana cin ƙarfe in ba a goge ba. Kuma kada takardar "ta lalace" ta daɗe a jikin na'ura, mambobi suna gani.

Sauran kuɗin da na ce ka ajiye, ga amfaninsa. Wanda ya biya ka kuɗin shekara gaba ɗaya, bashin hidimar wata goma sha biyu yake binka. Ka raba kuɗin, ka riƙa cin na kowane wata a watansa. Ka tanadi abin da zai riƙe haya da albashi na 'yan watanni ko da babu mai shigowa. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe wuraren motsa jiki, har manya irin Gold's Gym da 24 Hour Fitness a Amurka sai da suka nemi kariyar kotu daga masu binsu bashi. Daga wannan ajiya kuma za ka yi inshora, ka koya wa ma'aikatanka farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, ka sayi na'urar farfaɗo da zuciya in da hali.

Wajen ɗaukar koci, ka ba shi sabon mutum ka koma gefe ka kalla. In idonsa na kan madubi, ka sallame shi. In yana kan gwiwa da bayan wanda yake koya wa, ka riƙe shi da kyau, ka biya shi a kan lokaci.

Kada ka sa hannu a takardar haya sai ka duba ko daɓen zai ɗauki nauyi, ko iska na shiga, da ko akwai masu zama a ƙasa da ƙarar ƙarfe za ta dama. Ka kawo mini takardar tare da lissafin nan biyu, mu duba tare.