Goron Malamin da ke Cikin Kwamfuta

Takwara,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso ranar Laraba da la'asar, ƙanwarka ce ta karanta mini, sai da na sa ta maimaita. Wai ka kusa kammala digirinka a can Zanzibar, mahaifiyarka ta ce kada ka kuskura ka baro tsibirin ba ka je ka yi wa malamanka godiya da neman gafara ba, kamar yadda aka saba. Kai kuwa malamin da ya duba aikin bincikenka yana Pemba kana Unguja, manyan tsibiran Zanzibar biyu, shekara guda kuna haɗuwa ta Zoom, ko tsawonsa ba ka sani ba. Ɗayan kuma mutumin ƙasar waje ne, bidiyonsa kawai kuke kallo. Shi ne kake tambaya ko saƙon WhatsApp ya wadatar, in ka liƙa masa ɗan hoton nan na tafin hannu biyu a haɗe.

Na yi dariya har kakarka ta leƙo ta ce me ya sami tsoho. Da na gaya mata sai ta ce, "Ai angona ya fi ka wayo, ya huta da kuɗin goro." Amma da na kwanta da dare barci ya ƙi zuwa.

Tukuna ma, ka san ma'anar gaisuwar da kake yi wa manya a can kullum? "Shikamoo" ɗin nan da kake faɗa a guje, asalinta "na riƙe ƙafafunka". To malaminka na cikin kwamfuta daga kafaɗa zuwa hula kawai kake gani. Ƙafar wa za ka riƙe?

Ka sha jin cewa na zauna a Zanzibar, amma ban taɓa ba ka labarin Pemba ba. A farkon 1984 wurin aikina suka tura ni koyon Suwahili na wata shida a cibiyar koyar da harsuna da ke unguwar Vuga. Na isa ana ta raɗe-raɗin siyasa, don a watan Janairun shekarar Aboud Jumbe ya sauka daga shugabancin Zanzibar, Ali Hassan Mwinyi ya hau, wato mahaifin Hussein Mwinyi da ya zama shugabansu a 2020. Kantuna fayau, shinkafa da sukari sai da layi. A lokacin babu jami'a ko ɗaya a tsibiran nan biyu. Akwai kwalejin horon malamai ta Nkrumah a Beit el Ras, amma mai son digiri sai ya haye ruwa zuwa Darussalam, ko ya nausa ƙasar waje in ya yi sa'a. Wannan ginin jami'a na Tunguu da kuke ɗaukar hoto a gabansa, a zamanina ko a mafarki babu shi. Sai a 1998 aka buɗe biyu masu zaman kansu, ɗaya a Tunguu ɗaya a Chukwani. Dokar kafa ta gwamnati, SUZA, ta zo a 1999, ita ma ba ta fara karatu ba sai da aka shiga shekarun 2000, kuma cibiyarmu ta Vuga tana cikin abin da aka gina ta a kai. Saboda haka in ka ga dama ka kira ni tsohon ɗalibi.

Ranar da zan bar Kano mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kawo mini rabin ƙwarya na goro, hamsin cif, marsa, an naɗe a ganyen fita. Na ce Baba, mutanen can fa ba su san goro ba. Ya ce, "Ba don su sani na ba ka ba, don kai ka sani." Ya ce kada in taɓa na ƙasa, na malam ne. Wata shida ina jinyar goron nan kamar jariri. Duk mako in kwance, in yayyafa ruwa, in tsince wanda sankara ta kama. Da wanda ya ɓaci da wanda kwaɗayi ya ci, a watan Agusta saura bakwai.

Malaminmu dattijo ne ɗan Pemba, ana ce masa Maalim, ka ji kalmarmu ce aka ɗan ja. Kullum cikin farar kanzu da hula mai huda-huda, ba ya ɗaga murya, amma in ka sa wa suna ɗafin da ba na ajinsa ba sai ya dube ka kamar ka taka masa sallaya. Saura mako biyu in tafi na shirya gorona na je, aka ce ai Maalim ya wuce gida, tsinkar kanumfari ta kama. Abokan karatuna, Turawa biyu da wani ɗan Koriya, suka rubuta kati suka bari a ofis. Ni ma na ɗauki biro. Sai na ji muryar Baba a kunnena: zuwa da kai ya fi aike.

Takwara, ni da ban san ruwan da ya wuce kogin Wudil ba, na hau jirgin gwamnati da daddare. Muka shimfiɗa tabarmi a sarari, mu da buhuna da kaji. Da farko lafiya lau, har ina kallon fitilun gari. Muna wuce kan Nungwi, ƙarshen arewacin Unguja, teku ta canja fuska. Jirgi ya ɗaga, ya dire, ya karkata. Na amayar da abin da na ci har da wanda ban ci ba. Wata tsohuwa kusa da ni ta yanka lemon tsami ta miƙo mini ba ta ce uffan ba. Hannuna ɗaya a kan ƙarfe, ɗaya a kan ƙullin goro, ina karanta duk abin da na haddace, ina cewa a raina in na tsira ba ni ba godiyar malami har abada.

Da hantsi muka sauka a Mkoani. Tun kafin a ɗaure jirgi ƙamshin kanumfari ya tarye mu. Pemba ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar Unguja, tudu ne da kwari, kore shar. Motar katako mai benci ta ɗauke mu, a gefen hanya ko'ina tabarmi an baza kanumfari yana shan rana, na yau kore, na jiya ja-ja, na shekaranjiya ya yi baƙi. Na sauka bayan Chake Chake, na ƙarasa da ƙafa ina tambaya. Suwahilin da na yi wata shida ina taƙama da shi ya zama na jarirai, don bakin Pemba daban ne.

Na isa wani gida na tarar da wani tsoho da zane ɗaure a ƙugu da tsohuwar singileti, yana zaune a ƙasa yana raba 'ya'yan kanumfari da itacensu. Na gaishe shi, na ce ina neman gidan Maalim. Ya ɗago ya gyara mini jimlar tukuna, sannan ya ce, "Zauna." Da wannan gyaran na gane shi.

Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Ya turo mini tuli guda, ya nuna mini yadda ake goga curin a tafin hannu 'ya'yan su zube. Kwana uku na yi a gidan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne safiyar farko, bayan asuba. Mutumin nan da muke rawar jiki a gabansa ya nufi wani ɗan ɗaki, ya rusuna a bakin ƙofa, ya ce shikamoo, ya kama hannun wata ƙanƙanuwar tsohuwa ya sumbata. Mahaifiyarsa ce. Ta amsa da marahaba, sannan ta hau shi da faɗa don ya bar tabarma biyu a waje raɓa ta sauka a kansu. Ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri. Wata shida a aji ban koyi abin da na koya a wannan minti biyu ba.

A daren ƙarshe, bayan isha, aka kawo gahawa a 'yan finjalai da halwa. Na gyara zama, na kwance ganye, na tura goro bakwai gabansa, na yi jawabin da na kwana uku ina shiryawa. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya shinshina, ya gatsa rabi gaba ɗaya. Fuskarsa ta tattare wuri guda. Na yi maza na ce ya kurɓi ruwa zai ji zaƙi, a wurinmu ma ana cewa karatu farkonka maɗaci ƙarshenka zuma. Ya kurɓa, ya jira, ya ce, "Ni har yanzu ina farkon." Tsohuwar kuwa, da yake ta saba da taunar tambuu, ganyen nan nasu da ake haɗawa da farar ƙasa, ta ɗanɗana ta gyaɗa kai ta kwashe sauran shida ta ƙulle a bakin mayafi. Sannan ya ɗora hannu a kaina, ya yi fatiha, ya ce ya yafe, ya ba ni radhi, wato yardarsa. Da safe ya ƙulla mini kanumfari cikin hankici, bai fi tafi guda ba, ya ce gwamnati ce kaɗai mai saye, amma wannan ai ba ciniki ba ne.

Malamina na allo yakan ce karatu a baki yake, albarka a ƙafa. Yakan kuma ce allo ana wanke shi, idon malam ba ya wankuwa. Muna yara mun ɗauka tsoratarwa ce. Sai daga baya na gane nufinsa: ɗalibi yana bukatar wani wanda zai ji kunyarsa.

Nan ne nake jin tsoronku. Ƙanwarka ta tona muku asiri. Ta ce ana darasi kuna kwance rigingine a kan katifa, kyamara a kashe, sunanku kawai ke zaune a aji. Wai har akwai wani maɓalli da ake latsawa malam ya riƙa magana da sauri ninki biyu kamar mai gwanjo. Mu da ba ma iya miƙe ƙafa a gaban malam! Mutanen da kake zaune cikinsu kalma ɗaya suke da ita, chuo, ga makarantar allo da kwaleji, jami'a kuma su ce chuo kikuu, babbar chuo. Ba su raba ladabin wannan da na waccan ba. A masallatan tsohon gari aka yi darasin da ya fitar da irin su Shaihu Abdallah Saleh al-Farsy, mai fassarar Alƙur'ani da Suwahili, gwiwa da gwiwa.

Kada ka ce tsoho ya tsani zamani. Zanzibar wuri ne mai shugabansa da majalisarsa da ma'aikatar iliminsa, amma mutanensa ba su cika miliyan biyu ba a ƙidayar 2022, kuma teku ta raba su gida biyu. Ina za su sami farfesa a kowane fanni, a kowane tsibiri? Dole a aro, dole ilimi ya hayo ruwa ta wata hanya. Shi ya sa buɗaɗɗiyar jami'ar Tanzaniya, wadda aka kafa a 1992, take da cibiya a Unguja da Pemba. Shi ya sa a 2023 Indiyawan cibiyar fasaha ta IIT Madras suka zo suka buɗe reshe. Ka tuna malamin firamare a Micheweni mai mata da 'ya'ya, ko yarinyar Wete, duk a Pemba, da iyayenta ba za su bar ta ta haye ita kaɗai ba. Wayar nan ta kai musu abin da jirgi bai kai wa iyayensu ba. Da aka rufe makarantu a Maris na 2020 ma ita aka runguma. Sai dai wutar Unguja ta ƙarƙashin teku take zuwa daga babban yankin Tanzaniya, kuma da layin ya lalace a Disamban 2009 sai da aka yi wata uku a duhu. Ka riƙa ajiye karatunka a ka, ba a batir kaɗai ba.

Game da malaminka na Pemba dai ka san inda zuciyata ta karkata. Yanzu jirgin sama bai fi rabin sa'a ba. In na ruwa za ka hau, ka hau da rana, kuma in ka ga an cika shi ka sauko, ban manta wanda ya nitse a wajen Nungwi a Satumbar 2011 da ɗaruruwan mutane ba. Kada ka gaya wa mahaifiyarka na ambaci wannan. Ka fara tambayarsa ko zai karɓi baƙo, don na ji malaman yanzu wasu ba sa son a san ƙofar gidansu.

Na bidiyon nan kuwa, wanda bai ma san an haife ka ba, a nan bakina ya yi nauyi. Kafin Zanzibar da shekara goma sha biyu, ni ma ta wasiƙa na yi karatun jarrabawar GCE, da makarantar Rapid Results ta Landan. In rubuta amsa a hasken fitilar ƙwai, in kai gidan waya, bayan mako biyar ko shida ta dawo da jan biro. Mai gyaran ba ya sa suna, haruffa biyu kawai. Shekara biyu yana bin rubutuna layi-layi. Wata rana ya rubuta a gefe cewa in daina tsoron gajeriyar jimla. Ban san namiji ne ko mace ba. Da sakamako ya fito aka yanka kaji, na kai wa malamin allona goro, na kai wa hedimasta, har ma'aikacin gidan waya ya samu. Mai jan biro ko layi ɗaya ban aika masa ba. Bai zo mini a rai ba sam. Takardun suna nan a ƙasan adakata, jan ya koma ruwan ƙasa. Daren Laraba su na fito da su.

Akwai mai zuwa Darussalam ƙarshen wata, zan ba shi goro ashirin ya san yadda zai iso gare ka. Ka riƙa yayyafa masa ruwa, kada ka sa a firji, kada kuma ka taɓa na ƙasa. Kakarka ta ce ka taho mata da kanumfari na shayi, ta ce na 1984 ya ƙare tuntuni.

Kakanka.